Takardar George Mason a Idon Mutumin Zango



Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da ta tashi a taronmu na watan jiya, bayan an gama lissafin kuɗin asusu ana shan shayi. Wani saurayi daga cikinmu, mai shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa, ya ce abin da ya fi ba shi sha'awa a karatun da ya ke yi shi ne, waɗanda suka kafa ƙasar nan sun rubuta cewa ko wane mutum da haƙƙinsa a ke haihuwarsa, ba gwamnati ta ba shi ba, balle ta ƙwace. Wani dattijo, wanda ya ga korar baƙi a Kumasi yana yaro, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, ban taɓa ganin takarda ta hana a ɗaure wa mutum kayansa ba." Saurayi ya ce, "Baba, ai nan ba Kumasi ba ce." Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Mu ma haka muka ce, da aka ba mu labarin waɗansu." Aka tashi ba a raba gardama ba.

Na ga ya kamata mu koma tushen maganar, tun da ya ke tushen ba shi da nisa da mu. In ka bar Springfield ka yi kudu wajen kogin Potomac, tafiyar kamar rabin sa'a a mota, cikin wannan gunduma tamu ta Fairfax, za ka tarar da wani tsohon gida na jan bulo, sunansa Gunston Hall. Gidan George Mason ke nan, manomin taba, wanda aka haifa cikin 1725 ya rasu cikin 1792. Shi ne ya rubuta Takardar Haƙƙoƙi ta Virginia, wadda majalisar da ta zauna a Williamsburg ta amince da ita ran 12 ga Yuni 1776, kwana 22 kafin takardar 'yancin kan Amurka ta 4 ga Yuli. Masana tarihi sun yarda Thomas Jefferson ya ɗebi ruwa daga wannan rijiya. Har yau kuwa ita ce a goshin tsarin mulkin jihar Virginia. Watau dai, ba labarin wata ƙasa mu ke yi ba, dokar da mu ke kwana ƙarƙashinta ce.

Takardar gajeriya ce, sashe 16 ne kawai, mutum ya karance ta kafin shayinsa ya huce. Ga abin da na ga ya cancanci yabo a cikinta.

Na farko shi ne jerin da aka yi wa magana. Ba a fara da sarki ko majalisa ba, da mutum aka fara. Sashe na ɗaya ya ce mutane duka 'yantattu ne daidai wa daida bisa ga halitta, suna da haƙƙin rai, da walwala, da neman dukiya da riƙe ta, da neman jin daɗi da zaman lafiya. Sai sashe na biyu ya ce iko na jama'a ne, mahukunta kuwa masu riƙon amana ne kuma barorin jama'a, ana iya tuhumarsu ko yaushe. Sa'an nan na uku ya faɗi dalilin kafa gwamnati, watau amfanin kowa da tsaron kowa, ya ƙara da cewa in gwamnati ta kasa, mafi yawan jama'a suna da ikon gyara ta, ko su sauya ta, ko su rushe ta. Dubi yadda ko wane sashe ya hau kan na bayansa kamar tubali. In mutum ya riga gwamnati, to gwamnati ma'aikaciya ce. In ma'aikaciya ce kuwa, ana iya sallamarta. Wannan tunani ba Mason ya ƙago shi ba. Na John Locke ne, Baturen Ingila, wanda littafinsa a kan mulki ya fito cikin 1689. Gwanintar Mason ita ce ya tace littafi guda ya mai da shi shafi biyu da manomi zai iya riƙewa a ka.

Na biyu, bai tsaya ga manyan kalmomi ba, ya sauko ƙasa inda talaka ke jin zafi. Ya ce kada a gaji muƙami. Ya ce wanda a ke tuhuma a gaya masa laifinsa, a haɗa shi da masu ƙararsa, kada a tilasta shi ya ba da shaida a kan kansa. Ya hana beli mai tsanani da horo na mugunta, ya hana a bai wa jami'i takardar binciken gida ba tare da an ambaci laifi da shaida ba, ya kuma tsare 'yancin jaridu. Duk wanda aka taɓa buga wa ƙofa da tsakar dare ya san darajar waɗannan.

Na uku shi ne sashe na 16, kan addini, kuma a nan sai mu kasa kunne ƙwarai. Mason ya rubuta cewa a yi haƙuri da kowa cikin ibadarsa. Wani saurayi a majalisar, James Madison, yana da shekara 25, ya ƙi. A ganinsa haƙuri alfarma ce, mai gida ne ke yin ta ga baƙo, kuma mai yin alfarma yana iya fasawa. Sai aka mai da maganar ta zama kowa yana da haƙƙin yin addininsa daidai da kowa. Mu da muka saba roƙon fili wajen masu gari don mu gina masallaci mun san tazarar da ke tsakanin "an bar ku ku yi" da "naku ne".

To, yabo ya ƙare, sai inda gizo ke saƙa.

A rubutun farko, Mason cewa ya yi ana haihuwar mutane duka 'yantattu, bai sa wani sharaɗi ba. Da aka kawo gaban majalisa, sai wani babba mai suna Robert Carter Nicholas ya tashi ya nuna cewa wannan magana za ta iya ta da fitina a ƙasar da ke cike da bayi. Gaskiya ya faɗa, ya fahimci takardar fiye da masu yabonta. Aka yi kwanaki ana ja. Daga baya, bisa shawarar Edmund Pendleton, aka cire kalmar haihuwa, aka kuma cusa 'yan kalmomi a tsakiyar jimlar, masu nufin cewa wannan kariya tana aiki ne sa'ad da mutane suka shiga cikin jama'a. A ido, ƙarin ba shi da laifi, harshen Locke ne ma. Amma kowa a zauren ya san abin da a ke nufi: bawa dukiya ne, bai shiga jama'a ba, sabo da haka maganar ba da shi a ke ba.

Wannan maho shi ne babban aibin takardar, domin ya warware ginin da muka yaba ɗazu. Sashe na ɗaya ya fara da cewa haƙƙi ya riga gwamnati. Mahon ya komo ya ce haƙƙi ba ya aiki sai an shigar da kai. Wa ke shigarwa? Masu iko. Ashe abin da aka ce halitta ta bayar ya koma hannun mai tsaron ƙofa. Sashe na shida ma ya bi sawu, ya ce masu zaɓe su ne waɗanda suka nuna shaidar cewa suna da jingina mai ɗorewa da jama'a. A aikace ma'anarsa fararen maza masu ƙasa. Sai cikin 1851 Virginia ta soke sharaɗin dukiya, shi ma ga fararen maza kaɗai.

Kada wani ya ce ai 'yan kalmomi ne kawai. Ga abin da suka haifar. Magana zarar bunu ce: kafin a yi mahon, rubutun kwamiti ya riga ya fita a jaridu, waɗansu jihohi suka kwafa daga gare shi. Tsarin mulkin Massachusetts na 1780 ya ce ana haihuwar mutane duka 'yantattu kuma daidai, ba wani sharaɗi. Cikin 1781 wata baiwa da ba ta iya karatu ba, wadda daga baya ta ɗauki sunan Elizabeth Freeman, ta nemi lauya ta kai ƙara, ta kuwa sami kanta. Cikin 1783, a shari'ar wani bawa Quock Walker, babban alƙalin jihar ya ce bauta ba ta zama wuri ɗaya da wannan tsarin mulki. Da aka yi ƙidayar 1790, ba a rubuta bawa ko ɗaya a Massachusetts ba. A Virginia kuwa an ƙidaya fiye da dubu 290.

An gwada irin wannan a Virginia ma. Wata mata, Jackey Wright, ta nemi 'yancinta da na 'ya'yanta. Alƙali George Wythe, malamin da ya koya wa Jefferson aikin lauya, ya ba ta gaskiya, cikin dalilansa har da sashe na ɗaya na takardar Mason. Da aka ɗaukaka ƙara cikin 1806, babbar kotu ta bar su 'yantattu sabo da asalinsu na Indiyawan ƙasar ne, amma ta ture hujjar Wythe, ta nuna takardar ba ta shafi bayi 'yan Afirka ba. Jimla ɗaya ce ta je jihohi biyu: inda ta je ba maho ta kwance mari, inda ta zauna da maho ta bar shi a ƙafa har yaƙin basasa da gyara na 13 na 1865.

Shi kansa Mason fa? Mutum ne mai wuyar sha'ani. Cikin 1787, a taron Philadelphia, ya yi kakkausar magana a kan fataucin bayi, ya ce mallakar bawa tana mai da ubangida ƙaramin azzalumi. Yana cikin mutum uku da suka ƙi sa hannu a tsarin mulkin Amurka, kuma dalilin da ya fara kawowa shi ne babu jerin haƙƙoƙi a ciki. Wannan taurin kai nasa yana cikin abin da ya jawo gyare-gyare goma na farko, da aka tabbatar ran 15 ga Disamba 1791. Amma yana cikin waɗanda suka fi kowa yawan bayi a Fairfax, ya kuwa mutu bai 'yanta su ba, ya bar su gado. Locke ma yana da hannun jari a kamfanin Ingila mai sayo bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. A ƙetaren kogi, a Georgetown, akwai wani Musulmi daga ƙasashenmu, Yarrow Mamout, wanda aka kawo cikin 1752, bai sami kansa ba sai 1796. Shekara 44. Sa'ad da a ke rubuta cewa mutane duka 'yantattu ne, shi yana tsakiyar bautarsa.

Na san a nan waɗansu za su gyara zama su ce, ai ga halin Turawa nan. Mu yi hankali, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu ma muna da takardunmu a kan dalilin mulki, waɗansu sun girmi ta Mason. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba ga sarakuna tun ƙarshen ƙarni na 15. A shekarar da Mason ke rubutu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo saurayi ne ɗan shekara 22, ya fara wa'azi a ƙasar Gobir. A Kitabul Farƙi ya jera ayyukan sarakunan zamaninsa da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da a ke kai wa mai iko kafin a sami biyan bukata, da hawan gado da ƙarfi ba da shawara ba. Duk wanda ya ajiye wannan jeri kusa da na Mason zai ga ciwo ɗaya su ke nunawa. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya ga abokan jihadi sun fara karkata ga duniya, ya bar runduna da niyyar gabas, ya tsaya Kano, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don ya nuna yadda a ke mulki da adalci.

Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin kalmarmu ta haƙƙi. Bahaushe ya kan ce "an ci haƙƙina", ya kan kuma ce "haƙƙinsa yana wuyanka". Kalma ɗaya, fuska biyu. Mason ya yi magana da bakin mai haƙƙi: wannan nawa ne, kada ka taɓa. Malamanmu sun yi magana a kan wuyan mai mulki: wannan amana ce, za a tambaye ka. Hanyar malamanmu ta fi shiga zuciya, domin ta sa sarki ƙarƙashin shari'a, ta tuna masa akwai ranar hisabi, ta kuma ɗora masa ciyar da maraya da tsare hanyar fatake, abin da takardar Mason ba ta damu da shi ba. Hanyar Mason ta fi ba talaka abin riƙewa a hannu, domin ta ce a riƙa zaɓe a kai a kai, a raba masu yin doka da masu zartarwa da alƙalai, mai mulki ya riƙa komawa cikin talakawa ya ɗanɗana abin da ya ɗora musu. In sarki ya toshe kunnensa ga nasiha, me ya rage wa talaka a tsarinmu na da, ban da ƙaura ko yaƙi? Ba a daɗe ba kuwa sarautun da aka kafa da tuta suka koma gadon gidaje, jangali ya dawo.

Mahon ma muna da namu. Shugabannin jihadi sun yi faɗa da bautar da 'yantaccen Musulmi, amma daular da suka kafa ta cika da rumada da gandaye na bayi. Virginia ta ja layinta da launin fata, namu aka ja shi da addini da yaƙi, wanda ya faɗa bayan layi dai kukansa ɗaya ne. Ba a soke bauta ɗungum a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Ku dubi ma kalmar da mu ke fassara maganar Mason da ita. 'Yanci daga 'ya'ya ya fito, watau zama ɗa, kishiyar bawa. Harshenmu da kansa ya ɗauka akwai wanda ba ɗa ba.

To, ina mutumin zango a cikin wannan duka? Shi ne ma'aunin. Zango tun asali masaukin wanda bai shiga gari ba ne, mai kwana bayan ganuwa ƙarƙashin inuwar mai gida. Kakanninmu sun bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi, suka haifi 'ya'ya da jikoki a can, aka ci gaba da kiransu baƙi. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, cikinsu har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai ita. Cikin Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya, jakar nan mai ratsi-ratsi ta sami sunan da har yau a ke kiranta da shi. Ƙasashen biyu duk suna da tsarin mulki mai jera haƙƙoƙi a lokacin. Abin da aka ce da mutanen shi ne abin da Pendleton ya ce: ba ku shiga ba. Dattijonmu ba daga littafi ya koyi wannan ba.

Amma saurayinmu ma yana da tasa gaskiyar, ko da ya ke ba a takardar Mason ta ke ba. Bayan yaƙin basasa, gyara na 14 na 1868 ya hana ko wace jiha ta taɓa rai ko walwala ko dukiyar wani ba bisa shari'a ba, ko ta hana shi kariyar doka daidai da kowa. Kalmar da aka zaɓa a wannan wuri ita ce mutum, ba ɗan ƙasa ba. Cikin 1886 Kotun Ƙoli ta yi aiki da ita ta ba wani ɗan Sin mai wanki a San Francisco, Yick Wo, gaskiya, alhali ba ɗan ƙasa ba ne. Cikin 1982 ta hana jihar Texas rufe ƙofar makaranta ga yaran da ba su da takardun zama. Wannan bai hana a kori baƙo ba, gwamnatin tarayya tana da iko mai faɗi a kan shiga da fita, kada kowa ya ruɗi kansa. Sai dai ya nuna ana iya farke maho, ko da ya ke wannan sai da aka yi shekara 92 da yaƙi kafin a kai gare shi.

Hukuncina a kan takardar ke nan. Ginin maganarta nagari ne, ya fi mai ginin. Aibinta kuwa ba ɓoyayye ba ne, yana nan cikin jimlar farko har yau, kowa ya buɗe tsarin mulkin Virginia zai gan shi. Dattijo ya yi gaskiya, takarda ba ta da ƙafa. Saurayi ya yi gaskiya, in aka sami mai ɗaukarta zuwa gaban alƙali, kamar matar nan ta Massachusetts, ta kan yi aiki. Wanda bai san abin da ke ciki ba kuwa, ko an tauye shi ba zai san inda zai nuna da yatsa ba.

Sabo da haka ina roƙon abu biyu. Samari su mai da sassan nan 16 cikin Hausa, a karanta wa dattawa da iyayenmu mata a taro mai zuwa. Dattawa kuma su ba samari labarin 1969 da 1983 filla-filla, tun masu labarin suna raye.

Akwai na uku, shi ya fi nauyi. Kafin mu gama tuhumar Mason, mu duba namu zauren. Ɗan'uwan da ya sauka jiya ba shi da takarda, muna ba shi bakin magana a taro, ko sai mai fasfo? Matan da ke dafa abincin ko wane taro, da su a ke yanke shawarar kuɗin asusu? In yaro ya zo neman aure, ba mu kan aika gida a binciko ko kakansa ɗa ne ba? Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan, mahon Pendleton ne da zaren gida. Mu da aka sha ce wa ba mu shiga ba, bai kamace mu mu tsaya bakin ƙofa muna tambayar wani asalinsa ba.

Wanda ya ga kuskure a wannan rubutu ya aiko da gyara, shafin nan na kowa ne. Allah ya sa mu dace.